Yafiya Ba Ragonci Ba Ce

'Yan'uwa matasa, mu gaya wa juna gaskiya. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, a Yunin 2019 aka cinna wa wata wuta a Maraɗi. Shi ya sa har yau wasunmu, daga Tsibiri zuwa Gazawa, ke cewa wai yafiya ragonci ce. Haba! Istifanas da ya roƙa wa masu jifansa gafara, rago ne? Kotu ta hukunta mai laifi, wannan haƙƙinmu ne. Amma ƙullata fa? Wanda ya kyasta ashanar na can yana barcinsa, kai kana nan zuciya na cin ka. Ran Lahadi ka nemi gafarar Allah, ran kasuwa ka hana maƙwabci gaisuwa. To, da wane baki za ka yi addu'ar Ubangiji?