Dokar da Ta Rage a Wasan Sofbol na Jami'o'in Amurka

Masu iya magana sun ce suna linzami ne, amma sunan wasan sofbol, watau ƙwallo mai taushi, ya ɓad da mutane da yawa. Ƙwallon nan ba ta da taushi ko kaɗan. Rawaya ce mai tauri, kewayenta inci 12, kuma 'yan mata ɗalibai na jami'o'in Amurka suna jefa ta da ƙarfin da ke tsorata ɗan kallo. Wannan maƙala za ta dubi dokokin wasan, sa'an nan ta nuna giɓin da ya kamata a cike.

An ƙago wasan a birnin Shikago a 1887, daga wasan besbol. Dokar ilimi ta 1972, wadda ta hana nuna wa mata bambanci a makarantun da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi, ita ta buɗe masa ƙofar jami'o'i sosai. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara shirya gasarsa a 1982.

Tsarin wasan shi ne, kowace ƙungiya tana da 'yan wasa tara a fili, ana kuma yin zubi bakwai. Akwai zango huɗu, tsakanin kowane da na gaba ƙafa 60. Mai jifa tana tsayawa ƙafa 43 daga mai bugu, ta juya hannunta ya yi cikakken da'ira, ta saki ƙwallo daga wajen ƙugu. Mai bugu ta make ta da kulki ta ruga, in ta zagaye zangunan duka ta ci maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Wadda ke kan zango kuwa ba ta da iznin barinsa sai ƙwallo ta bar hannun mai jifa.

Masu tsara dokokin nan sun san tausayi. Alal misali, in ƙungiya ta tsere wa abokiyar karawarta da maki takwas bayan zubi biyar, sai a tashi wasa, don kada a ci mutuncin wadda aka rinjaya. Haka kuma wajibi ne mai bugu ta sa hular kwano.

To, ina tausayin nan game da mai jifa? Babu dokar da ta ƙayyade yawan jifan da za ta yi a rana, ko ranakun da za ta huta. A gasar ƙarshe ta 2007 a birnin Oklahoma, Taryne Mowatt ta Jami'ar Arizona ta yi wa ƙungiyarta jifa a wasanni takwas cikin mako guda, jifa fiye da 1,000, har suka ɗauki kofi. An yaba mata, ta kuwa cancanci yabo. Amma bajintar da ake saye da kafaɗar ɗaliba ba abin koyi ba ce.

Masu kare wannan hali suna cewa jifan ƙasa-ƙasa ya dace da halittar hannu, ba ya lahani kamar jifan sama na besbol. Sai dai likitocin wasanni sun nuna cewa juya hannun nan yana ɗora wa kafaɗa da damtse nauyi mai yawa, kuma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Bugu da ƙari, ƙarfin jifa sai daɗuwa yake yi. A 2025 Karlyn Pickens ta Jami'ar Tennessee ta yi jifa mai gudun mil 79.4 a sa'a, wanda ke isa ga mai bugu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ƙwallon da ta zo da wannan gudu, in ta haɗu da kulki, da zafi take komowa, mai jifa ce kuma a gabanta, ga shi ba a wajabta mata sa kariyar fuska ba.

Wata hujjar ita ce ƙananan jami'o'i ba su da gwanayen jifa da yawa, in aka yi iyaka za su sha kashi. Wannan gaskiya ne a farko. Amma dokar ita ce za ta tilasta wa masu horarwa su reni mutum uku ko huɗu, maimakon su dogara ga ɗaya su bar saura a benci. Ai an taɓa mayar da tazarar jifa daga ƙafa 40 zuwa 43, wasan kuwa bai mutu ba.

Daga ƙarshe, ya kamata hukumar ta ƙayyade yawan jifa, ta wajabta ranakun hutu da kariyar fuska. Ɗaliba shekara huɗu take wasa a jami'a, kafaɗarta kuwa da ita za ta yi sauran rayuwarta. Rigakafi ya fi magani.