Saƙa Ba Aikin Ƙauye Ba Ce

 Yau magana ce a kan saƙar hannu, wato ta masaƙa, ba ta hula da kwarashi ba. Ra'ayina shi ne ya kamata samarinmu su koye ta a ranakun hutu, ko da ba za ta kawo ko kwabo ba.

Na san abin da wasu za su ce: ɗan ɗan kasuwa da zaman masaƙa? Mun taso ana yi wa masaƙi kallon talaka. To amma wa ya yi wa Kano arziki? Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Kayan masaƙa kakanninmu fatake suke ɗauka. Yau Babana shadda da atamfa yake sayarwa a kasuwar Wuse, kuma duk shagon babu yadi ɗaya da aka saƙa a ƙasar Hausa. Kamfanin saƙa na KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957 ma ya rufe tun 2002.

Wata bakwai ke nan ina zuwa wajen wani dattijo mutumin Kura, mai gadi ne a Zuba. Da farko wadari ake yi, a miƙe zaren tsaye mai tsawo, a ɗaure ƙarshensa da kunkuru, wato dutsen da ke biyo ka a hankali kana saƙa. Ƙafa tana taka allera zare ya buɗe, hannu ya jefa ƙoshiya, ka buge, ka sake. Abin da ke fitowa ƙwarya ce siririya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai an ɗinka da yawa kafin a sami zane. Baba ya ce sai hannuna ya faɗa kafin ya nuna mini saƙi, mai ɗigon baƙi da fari kamar zabuwa. Wallahi awa biyu sai su wuce ban taɓa waya ba.

Ku dubi maƙwabtanmu. Bayarabe ba ya biki sai da aso oke, matan Okene har gobe suna saƙa, Ladi Kwali maginar tukwane tana jikin naira 20. Mu kuwa yaronmu da aka haifa a Kubwa bai san ƙoshiya ba.

Matsalar gaskiya fili ce, don wadari ba ya shiga ɗakin haya. Mu a bayan shago muke yi ranar Lahadi. Tsofaffin masaƙa kuwa suna nan cikinmu, wasu gadi suke yi, wasu tireda. Ka tambaya a masallacin unguwarku, in an nuna maka ɗaya ka tafi masa da goro da zarenka.