Likitan da ke koyon ƙwarewa a Yamai, ina zai ajiye iyalinsa?

Yau maganar gidan haya ce ta kawo ni, amma ta wani rukuni da ba mu cika tunawa da su ba: matasan likitocinmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa waɗanda ke tafiya Yamai karatun ƙwarewa, wanda su ke ce ma DES.

Mu a nan gida, da an ce wane lokotoro ne, shi ke nan, mun ɗauka ya haye. Ba mu lissafa cewa yaro ya ci shekara 7 ko fiye a jami'a, ya yi aure, ya haifi ɗaya ko biyu, sannan ya koma wata shekara 4 ko 5 yana aiki dare da rana a hannun malamansa, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wani ƙanena yana cikinsu. Da zai tafi, abin da ya fi hana shi barci ba littafi ba ne, wurin da zai sauke matarsa da 'ya'yansa ne.

Wanda bai san Yamai ba, bari in zana mishi ita kaɗan. Gulbi ya raba garin biyu. Jami'ar Abdou Moumouni da asibitin Lamorde suna ƙetare, wajen Harobanda. Babban asibitin ƙasa da gidan haihuwa na Issaka Gazobi suna tsakiyar gari. Babban asibitin da aka buɗe a 2016, wanda ake ce ma Referans, yana can wajen arewa. Mai koyon ƙwarewa kuwa ba wuri ɗaya ake ajiye shi ba: 'yan watanni nan, 'yan watanni can, darasi kuma a jami'a. To wane asibitin za ka kusanta?

Unguwannin da ke kusa da tsakiyar gari irin su Plateau, ko kuma Koira Kano, ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne, kowa ya sani. Sai dillali ya ja ka can bakin gari, ya nuna maka gida mai ɗaki biyu da falo, da fili inda yara za su yi wasa, kuɗin kuma da sauƙi. Nan ne nake ganin mutane da yawa ke yin kuskure, don suna lissafa haya kaɗai. A ce ka rage jika 20 a wata. Zuba esansi a babur kullum, tafiya da dawowa. Ƙara kuɗin taksi na maiɗakinka in za ta kasuwa ko awo, ƙara na kai yaro lakwal, ƙara na mai garuwa in ruwan pampo bai kai unguwar ba. Kafin wata ya mutu, jika 20 ɗin nan ta tafi har da ƙanwarta.

Wannan ma kuɗi ne, ana iya rance. Gajiya fa? Mutumin da ya kwana tsaye kan mai naƙuda, ya fito da hantsi idonsa na rufewa, ya hau babur ya nufi ƙarshen gari. Ko a kira shi ƙarfe biyu na dare, mara lafiya ya rikice. Mintocin da zai ɓata a hanya, wa zai biya su? Wanda ke kwance ne, kuma yana iya zama uwata ko uwarka da muka kai daga nan. Shi ya sa na ce maganar ta shafe mu duka.

Shawarar da na ba ƙanena ita ce, kar ya bi asibiti ɗaya, ya bi hanya. Gadoji uku ne kan gulbin: Kennedy ta 1970, ta biyu ta 2011, da ta Seyni Kountché ta 2021. Gida ƙarami kusa da kwalta mai kai ka gada ya fi babban gida da ke cikin yashi. In ƙetare ka zaɓa don kusa da jami'a, to ka buɗe ido: a daminar 2020 gulbi ya cika ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Kirkissoye, mutane da yawa suka rasa matsuguni. Dubi gindin bango, alamar ruwa ba ta ɓoyuwa. Tambayi mai shago da mai shayi, kar ka tsaya ga bakin dillali. Sannan ka je da maiɗakinka ta gani da idonta, don ita ce za ta kwana da yara ita kaɗai duk daren da kake asibiti. Maƙwabta na kirki a tsakar gida ɗaya, ko da an ɗan matsu, sun fi mata bila mai katanga inda ba wanda zai ji kiranta. In kuwa likitar mace ce mai goyo, kusancin ya zama tilas.

Sai masu gidaje. Alhaji, gidanka ne, ba mai hana ka kuɗinka. Amma neman abansi na watanni da yawa haɗe da kosiyon a hannun wanda ya sauka daga mota jiya, shi ke kora su bakin gari. Wannan ɗan haya ne da zai zauna shekaru, ba ya gudu, an san inda yake aiki. A sassauta mishi ya biya wata-wata.

Mu kuma 'yan jiha, kullum muna kukan babu ƙwararrun likitoci a garuruwanmu, sai an ɗauki mara lafiya an yi ta tafiya har Yamai. Alhazanmu da ke da gidaje a can, da ƙungiyoyin 'yan asalin Maraɗi, Damagaram da Tawa, me zai hana a ware gida ɗaya ko biyu a matsayin wakafi, ɗakuna na iyali, haya mai sauƙi, wannan ya gama ya fita wancan ya shiga? Ana iya ma sa sharaɗin cewa in ya gama ya dawo gida ya yi aiki na wasu shekaru. Hukumomin asibitoci su ma su duba filayen da ke hannunsu.

Wanda ya san gida mai sauƙi kusa da ɗaya daga cikin gadojin nan, ko mai gidan da zai yarda da biyan wata-wata, don Allah ya sanar da mu, akwai masu shirin tafiya bana.