Wasiƙa ga masu ƙera ƙananan mahaɗan Josephson



Roƙo nake yi gare ku: kada ku raina cajin ilektron guda ɗaya.

Aikin a hannunku yake, kun fi ni saninsa. A feso alminiyum a kan faifai ta ƙarƙashin 'yar gadar da Dolan ya ɓullo da ita a 1977, a saki oksijin ya yi masa tsatsa mai kaurin nanomita ɗaya ko biyu, a karkata faifan a sake fesowa. Inda shimfiɗu biyun suka hau juna, nan ce mahaɗa. In ma'ajin cajinta bai wuce femtofarad ɗaya ba, kafin ilektron ɗaya ya shiga ɗan tsibirin alminiyum da ke bayan mahaɗar sai ya biya kuzarin da ya kai kusan kelbin ɗaya. A firjin da ke milikelbin 20, wannan katanga ce babba. Fulton da Dolan sun gan ta a 1987. A 1999 Nakamura da abokansa a kamfanin NEC na Japan suka sa tagwayen Cooper guda suna kai da kawo cikin tsibiri, aka samu kubit. Sai dai ba ya daɗewa, domin da zarar wani caji da ya maƙale cikin tsatsa ko a fuskar faifai ya motsa, komai ya rikice.

A 2007 masanan Jami'ar Yale suka kawo transmon: a haɗa babban ma'ajin caji, kuzarin Josephson ya ninka na caji kamar sau hamsin, kubit ya daina jin wannan hayaniya. Dabara ce mai kyau, ina yabonta. Amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Cajin yana nan yana yawo, kuma a 2021 masu bincike a Wiskonsin sun nuna cewa haske mai ƙarfi daga sama ko daga ƙasa kan sa ya yi tsalle a kubit da yawa lokaci guda.

Don haka in kuka ga layin awo ya yi tsalle da tsakar dare, don Allah kada ku goge shi ku ce datti ne. Ku rubuta lokacin. Ku rubuta matsin oksijin da mintocin da ya yi, ku auna turjiyar mahaɗa tun kafin ta shiga sanyi, ku sake aunawa bayan mako, domin tana tsufa. Ku ɗaura igiyar sauke caji a wuyan hannu kafin ku taɓa faifai. Tartsatsin da fata ba ta ji ya isa ya huda tsatsar. Kuma a kowane faifai ku bar ƙaramar mahaɗa ɗaya ba tare da babban ma'aji ba, ta riƙa gaya muku abin da transmon yake ɓoyewa.

Allah ya ba da sa'a.