Tsakanin Shimfiɗa da Makewayi

A Jahun, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Haɗejia, idan aka ce tsohuwa ta karye a ƙugu, da wuya a ji cewa a kasuwa ko a gona abin ya faru. Galibi cikin gida ne, sau da yawa kuma cikin dare, a 'yar tazarar da ke tsakanin shimfiɗarta da makewayi. Da gari ya waye a kira mai ɗori, 'yan dubiya su shigo su ce Allah ya sawwaƙe, tsufa ne. Tsufan dai gaskiya ne, amma ba shi ya kafa turken akuya a kan hanya ba, ba shi ya bar tsakar gida cikin duhu ba. Ina ganin mafi yawan faɗuwar dare aikin tsarin gidajenmu ne, kuma gyaransa bai fi ƙarfin talaka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikin mamatan. Wani rahotonta na 2007 ya ce kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ya sa dare ya fi muni a bayyane yake. Fitsari kan ta da tsoho fiye da sau ɗaya, ko saboda kumburin ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ko ciwon suga, ko maganin hawan jini mai sa yawan fitsari idan an sha shi da yamma. Ya miƙe da gaggawa, jini bai gama isa kai ba, jiri ya ɗebe shi. Idonsa kuma ba na da ba ne: binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya. A haka zai kwance kansa daga gidan sauro, wanda ba a iya barci babu shi a ƙasar fadama, ya lalubo silifas, ya tsallake dokin ƙofa, ya ratsa tsakar gida mai turmi da murhu da igiyar dabbobi, har ƙuryar da muka saba kai makewayi don nisanta wari. Da damina abin ya fi haka. Ƙasa ta jiƙe, gansakuka ta kama bakin kwata, kuma bayan ambaliya irin ta 2020 da 2022 gidaje da yawa sun koma da daɓe mai tudu da kwari wanda ƙafar tsoho ba ta san shi ba.

Za a ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Babu musulmin da ke jayayya da haka. Amma mutumin da ke faɗin wannan shi ne yake ɗaure awakinsa da magariba, yake kewaye rijiya saboda yara, yake tayar da jinga kafin ruwa ya sauko. Me ya sa sai a kan mahaifi ne za a ajiye dabara a rungumi hannu? Addinin ma ya sauƙaƙa wa mai rauni: malamai sun yi bayanin halaccin salla a zaune ga wanda tsayuwa ke cutar da shi, da taimama ga wanda ruwa zai yi wa lahani. Dattijon da ke fita alwalar asuba cikin duhun hunturu, a kan siminti mai santsi, ya cancanci a ajiye masa buta da kujera 'yar tsuguno da tasa a bakin ɗaki tun da dare, kuma ya kamata limamai su riƙa faɗin haka a huɗuba.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce kunya, kuma ba na raina ta. Hanya mafi sauƙi ta hana faɗuwar dare ita ce a rage tafiyar baki ɗaya, a ajiye fo ko bokiti mai murfi a gefen shimfiɗa. Amma wane ɗa ne zai dubi idon mahaifinsa ya kawo wannan magana? Dattijon kansa zai gwammace ya fita cikin ruwa da a ga suruka ɗauke da fitsarinsa da safe. Wannan mutunci ne na gaske, sai dai a auna shi da abin da ke biyo bayan karayar ƙugu: watanni a kwance, gyambon kwanciya, ciwon huhu, kuma a lokacin komai nasa wani ne zai ɗauke masa, dare da rana. Mutanen Jahun sun san yadda kunya ke ɓoye cuta. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a Babban Asibitin Jahun kan haihuwa da yoyon fitsari, larurar da mata suka daɗe suna ɓoyewa, har aka wayi gari suna zuwa daga nesa neman a yi musu aiki. Maganar tsofaffi ma tana da hanyarta. Ɗa namiji ya ɗauki nauyin zubar wa mahaifinsa kafin gida ya tashi, 'ya mace ta yi wa mahaifiyarta, a saka labule, kada a mai da shi zancen tsakar gida. Idan baki ya yi nauyi, a bi ta hannun aminin tsohon ko jikar da yake wasa da ita, domin abin da ɗa ba zai iya cewa Baba ba, jika kan faɗa wa kaka cikin raha ya karɓu.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon zance. Fitila mai cajin rana da za ta kwana a kunne, tocila a ƙarƙashin matashi, sanda mai roba a gindi, ƙarfe ko itacen kamawa a bangon makewayi, buhun yashi a wurin santsi, duk a haɗe ba su kai kuɗin motar da za ta kai mai karaya Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ba, balle kuɗin aikin. Jiran wutar KEDCO kuwa ba tsari ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne gyaran da ke ƙara ɓarna: wasu kan hana tsoho ruwa tun la'asar, a ƙasar da zafin bazara ke ƙafar da jiki, wasu kuma su hana shi motsi gaba ɗaya don tsoro. Ƙishirwa na ƙara jiri, zama wuri ɗaya na kashe ƙafa. Wanda ke takawa zuwa masallaci da rana shi ya fi tsayuwa da ƙafarsa cikin dare.

Akwai rabon hukuma a nan. An kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa bisa dokar 2017, amma aikin da zai isa ƙauyukan Jahun da Miga da Kafin Hausa yana hannun ma'aikatan ƙananan asibitoci. Duk tsohon da ya zo karɓar maganin hawan jini, a tambaye shi ko ya faɗi a bana da sau nawa yake tashi cikin dare, a auna jininsa a zaune da kuma a tsaye, a duba ko za a mai da masa shan maganin da ke sa fitsari zuwa safe, a tura mai yanar ido wurin aiki. Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa na iya saka waɗannan tambayoyi a katin asibiti kafin damina mai zuwa ta faɗi.