Sari da Katin Bashi: Dila Ya Karɓi Nasa, Saura Banki

A wannan mako maganata da masu sana'ar cikin gida ce, masu sayar da atamfa da leshi, da turaren wuta, da kayan miya, da kuma 'yan makaranta waɗanda su ne ke riƙe wa iyayensu biro da littafi. Maganar kuwa ta sarin kaya ce da kati.

Kamar yadda kuka sani, tun a 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi daga Legas, amma abin bai shiga ɗakunanmu sosai ba sai da aka yi canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 aka ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, kuma farkon 2023 kowa ya ga wahalar da aka sha. Diloli a Kantin Kwari da Kasuwar Singa waɗanda a da sai tsaba, dole ta sa suka ajiye na'urar POS a kan teburi. A watan Maris na 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, tsaba ta dawo, amma na'urar ba ta koma inda ta fito ba. Sa'an nan a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar CREDICORP domin ta sauƙaƙa wa jama'a sayen kaya bashi. Watau da gwamnati da bankuna duk sun fuskanci hanya guda, kuma ana son mu bi.

To, kati iri biyu ne, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Wanda yawancinmu muke da shi na cire kuɗi ne. Kuɗinki ne a asusunki, kina danna lamba ya fita, in babu kuma na'ura ta ƙi. Ɗayan shi ne katin bashi. Shi wannan banki ne yake biyan dila da nasa kuɗin, ya rubuta a kanki, ya sa miki ranar biya. In kin biya duka kafin ranar, yawanci babu kuɗin ruwa a kan sayayyar. In kin bar saura, ruwa ya hau kan sauran, wata bayan wata. Har yanzu masu wannan kati ba su da yawa a cikinmu, amma rancen da ake bayarwa ta waya, da tsarin nan na ɗauki kaya ki biya daga baya, duk 'yan ɗaki ɗaya ne da shi, kuma rubutunsu iri ɗaya ne.

Bashin dila ba baƙo ba ne a wurinmu. Alhaji ya san ki, ya san maigidanki, yana da littafinsa, in kin manta ya aiko yaro ya tuna miki, in ciniki ya yi sanyi ki ba shi haƙuri ya ɗaga miki ƙafa zuwa bayan salla. Amma ranar da kika miƙa katin bashi, Alhaji ya karɓi kuɗinsa cif, ya rufe shafinki, har ya yi miki godiya. Kin fito shago zuciyarki fes kamar wadda ta biya, alhali kuwa ko kwabo bai fita daga jarinki ba. Bashin yana nan, mai binki ne kawai ya canja, kuma sabon ba ya jin haƙuri.

Ga misali. A ce ranar 5 ga wata kin saro atamfa turmi 10, kowane Naira 18,000, watau Naira 180,000, kin biya da katin bashi. A ranar nan, ba gobe ba, rubutu biyu za ki yi. A shafin kaya ki sa kwanan wata, da sunan dila, da turmi 10, da Naira 180,000. Sa'an nan ki buɗe wani shafi dabam, ki rubuta "bashin kati" a samansa, ki sa Naira 180,000 ɗin a can ma, tare da ranar da banki ya ce a biya. Shafin kuɗin hannu kuwa kada ki taɓa shi, domin babu abin da ya fita daga jakarki.

Yanzu a ce kin sayar da turmi 6 a kan Naira 21,000 kowane. Naira 126,000 ke nan ta shigo. Wadda ba ta buɗe shafin bashi ba, sai ta ga kuɗi jibge, ta zuba adashi, ta yi ankon biki, ta ƙara a cefane. Ribarta ta gaskiya a turmi shidan nan Naira 18,000 ce kacal, sauran Naira 108,000 na banki ne, ajiya ce a hannunta.

Akwai kuma kuskure na biyu, kuma abin mamaki masu ƙoƙarin rubutu ne suka fi faɗa masa. Ƙarshen wata ya zo, kin biya banki Naira 100,000 daga cikin bashin, sai ki ɗauki biro ki sa ta a shafin kaya kamar wani sabon sari ne. Littafinki zai nuna atamfar ta ci Naira 280,000, ki ga kamar faɗuwa kike yi, ki ƙara farashi, masu saye su koma gidan maƙwabciya. Biyan kati ba sari ba ne. Ki cire Naira 100,000 daga shafin kuɗin hannu, ki rage ta daga shafin bashi, saura Naira 80,000. Shi ke nan.

Kuɗin ruwan da zai hau kan wannan Naira 80,000, da sauran cajin banki, su ma wurinsu dabam, tare da kuɗin mota da na dako. Kada ki cuɗa su da kuɗin kaya. In suna gefe guda, bayan wata uku za ki gani da idonki ko bashin nan yana ƙara miki ne ko kuwa banki kike yi wa talla. Har da Naira 50 ɗin nan da ake cirewa a kan taransifar da ta kai Naira 10,000, wadda tun watan Disamba na 2024 ta haɗa da irin su OPay da Moniepoint. Ga waɗanda ba sa son kusantar kuɗin ruwa sam, akwai bankunan da ba sa aiki da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, amma ko can abin da aka ci bashi sai an rubuta.

Ni a ganina babbar ɓarna ita ce a yi sari da cefane da kati ɗaya. Kin je kasuwa sarin atamfa, kin ga takalmin yara, kin miƙa katin. In hakan ta faru, ki rubuta shi a shafin bashi, ki sa masa "na gida" a gefe, kada ya shiga shafin kaya.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Rasit ɗin POS ba ya daɗewa, bayan 'yan watanni rubutun ya goge, takarda ta koma fara, musamman in ya sha zafi. Ku kwafe lamba da adadi a littafi tun ranar. Duk ƙarshen wata ku karɓi takardar bayanin asusu daga banki, ku zauna da Mama ku bi ta layi layi kuna gwadawa da shafin bashi. Nan ne za ku kama kuɗin da aka cire sau biyu, ko kayan da aka mayar wa dila amma kuɗin bai dawo kan kati ba. In na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba amma alat ya nuna an cire, ku rubuta rana da lokaci, ku ajiye rasit ɗin. A 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su mayar da irin wannan kuɗi na POS cikin awa 72. Idan kwana uku suka wuce shiru, Mama ta ɗauki rasit da littafin ta tafi banki da su.