Ɗalibi da Doki: Ina Hanyar Abinci Take?

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, ƙanen wani abokina ya same ni da wata magana da ta hana shi barci. Yana aji uku a jami'a, yana karanta kimiyyar kiwon dabbobi. Ya ce: "Yaya, ni fa abin da nake so a rayuwata shi ne aikin dawaki." Ya riga ya gaya wa mahaifinsu, amsar da ya samu kuwa gajera ce: "Wato duk kuɗin makarantar nan da nake biya, ɗan barga nake renowa?"

Na fahimci tsoron dattijon, domin duk uba yana son ya ga ɗansa a inuwa. Sai dai ina ganin ya yi kuskure a hukuncinsa, shi ma yaron ya yi kuskure a mafarkinsa. Da na tambaye shi wane aiki yake nufi, sai na ga abin da ke idonsa hawa ne: alkyabba, rawani, jahi a ƙofar fada. Ra'ayina shi ne akwai sana'a ta gaske a harkar doki a ƙasar nan, mai iya riƙe magidanci da mutuncinsa, amma tana ƙasa, a wajen kofato da haƙori da cikin dabbar. Wanda ya neme ta a kan sirdi zai daɗe bai same ta ba.

Kasuwar da muke kallo ba mu lissafawa

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Mun yi murna, mun yaɗa hotuna. Kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka yi lissafi. Hawan Sallah, Hawan Daushe, Hawan Nasarawa, da na Ɗorayi ko Fanisau, duka 'yan kwanaki ne a shekara. Dokin da ya fito a ranakun nan kuwa yana cin abinci kwana 365, yana shan ruwa, kofatonsa yana tsiro, yana rashin lafiya. Haka abin yake a Katsina da Zazzau da Daura da Bida da Bauchi, haka a Damagaram da Maraɗi.

A haɗa da folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa, yau kuma ake buga gasarsa a Kaduna da Kano da Katsina da Jos da Legas, da dawakan da ake sayowa daga Ajantina da tsadar gaske. A haɗa da 'yan sukuwa, da masu ba da hayar dawaki don hawan angwanci da saukar karatu, da rundunar 'yan sanda masu dawaki. Kowane ɗayan waɗannan yana kashe kuɗi kullum. Tambayar ita ce hannun wa kuɗin ke shiga, kuma wane ilimi ne a hannun.

Kakanninmu ba su raina wannan aiki ba. Sarautar Madawaki ta jagoran mayaƙan doki ce, ta Shamaki kuwa asalinta kula da bargar sarki. Maƙera na ƙera linzami da likkafa, dukawa na ɗinka ragama da kayan ado, masassaƙa na fitar da sirdi. Mu ne 'yan boko muka zo muka ɗauki hawa a matsayin daraja, hidimar dokin kuma aikin bara.

Dabba mai ƙarfi, mai saurin mutuwa

Dalilin da ya sa ilimi ke da farashi a barga shi ne doki, duk da ƙarfinsa, halitta ce mai rauni. Ba ya iya amai. Cikinsa ƙarami ne, an yi shi don ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Idan aka cika masa gero ko dawa lokaci ɗaya don ya yi ƙiba kafin Sallah, ko aka sauya masa abinci kwatsam, ciwon ciki kan kama shi, kuma yana iya kashe shi cikin dare ɗaya. Yawan hatsin nan kan sauka har kofato, ya kumbura naman da ke riƙe da ƙashi a ciki, dokin ya gurgunce. Doki yana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a kullum, mafi yawansa harawa da ingirici, da ruwa lita 25 zuwa 50, fiye da haka a bazara.

Kofatonsa yana son gyara duk mako shida zuwa takwas. Haƙoransa suna ci gaba da fitowa shekara da shekaru, gefensu ya yi kaifi ya yanki kumatu da harshe, sai dokin ya rame ko ya riƙa faɗa da linzami, mai shi ya ce taurin kai ne ya ƙara masa bulala. Ɗan ƙusa da ya taka yana iya jawo masa tetanas, alhali allurar rigakafi tana nan. Ga cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo da almuru ke yaɗawa, mai iya kashe tara cikin goma na dawakan da ba su da garkuwarta, musamman baƙin da aka shigo da su. A ƙarshen 2018 zuwa 2019 murar dawaki ta ɓarke a Sakkwato da Nijar, ta hallaka jakuna masu yawa.

Mutumin da ya sayi doki da miliyoyin naira, kamar wanda ya sayi mota ne mai tsada a garin da babu makaniki. Duk wanda ya zama makanikin ba zai kwana da yunwa ba.

Ƙofofin shiga

Ƙofa ta farko likitancin dabbobi ne, karatun shekara shida, da ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri da wasunsu. Akasarin masu kammalawa suna karkata ga kaji da shanu da karnuka, inda ciniki ya fi yawa. Wannan karkata ita ce damar wanda ya zaɓi ya ƙware a doki.

Ta biyu, wadda na fi ganin an yi wa sakaci, ita ce gyaran kofato da haƙori da jinyar yau da kullum. A Birtaniya, tun dokar 1975, ba a yarda kowa ya sa wa doki takalmi ba sai mai rajista, kuma samun rajistar kan ci kusan shekara huɗu na koyo a hannun gwani. Mu a nan kowa ya samu wuƙa mai kaifi ya zama mai yankan kofato. Ɗalibin da ya yi difloma a Kwalejin Lafiyar Dabbobi ta Vom, ko digirin kiwon dabbobi, ya san ƙashi da jijiyar ƙafar doki, sannan ya zauna gaban tsohon gwani ya koyi riƙon wuƙa, ya haɗa abu biyu da da wuya a same su a hannu ɗaya.

Ta uku abinci ne. Harawa tana arha da kaka, ta yi tsada da bazara. Wanda ya iya sayenta a kan kari, ya adana ta ba ta yi fumfuna ba, ya haɗa dusa da hatsi da gishiri bisa awo, ya kai barga-barga a kan yarjejeniyar wata, ya kafa kasuwanci. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana aiki a kan ciyawar kiwo, ilimin yana nan kusa.

Ta huɗu ta waɗanda ba su karanta kimiyya ba ce. Barga mai dawaki ashirin ma'aikata ce: akwai albashi, akwai sayayya, akwai rajistar allurai. Ɗalibin akanta ko na harkokin kasuwanci yana da wuri a nan, haka mai ɗaukar hoto, da mai shirya wa baƙi zuwa kallon hawa, da mai sayar da kayan doki na dukawan Kano ta intanet. A dubi Maroko, wadda wasan dawakinta na tbourida ya shiga jerin UNESCO a 2021. Tana da kamfanin gwamnati mai kula da kiwo da tseren dawaki, tana kuma yin baje kolin doki a birnin El Jadida tun 2008. Sun mai da al'ada masana'anta, mu har yanzu biki muke yi.

Gaskiyar dattijo

Ba zan rufe ido daga hujjar mahaifin yaron ba, domin tana da nauyi. Masu dawaki na gaske ba su da yawa, kuma yawancinsu manya ne, waɗanda suka saba biyan hidima da kyauta a ranar da suka ga dama, ba da rasit ba. Yaro yana iya shekara biyar yana bin wani babba, ya tashi da riguna da alkawura. Harkar kuma tana rataye da abubuwan da ba su hannun mai sana'a: annobar korona ta hana hawa a 2020, rikicin masarauta ya sa 'yan sanda suka hana hawa a Kano a 2024. Ga haɗari: shurin doki yana karya ƙashi, kuma babu inshora.

Duk wannan gaskiya ne, amma abin da yake koyarwa shi ne yadda za a shiga. Kada ɗalibi ya bar karatu saboda doki. Kada ya jingina da gida ɗaya, komai girmansa, domin ranar da aka saɓa, mai doki zai koma kuturi. Ya yanke farashin aikinsa tun farko, ya faɗa cikin ladabi. Likita ya riƙe shanu da tumaki su riƙa biyan haya, kafin sunansa ya kafu a barga. Sana'ar da ta dogara da cikin doki da kofatonsa ba ta tsayawa don an fasa hawa.

Kafin a karɓi takarda

Abin da na gaya wa ƙanen nawa ke nan. Hutun da ke tafe, ka je bargar da ta fi kusa da kai, ka gai da muri, ka ce koyo ka zo. Ka karɓi tsintsiya da shebur. Mutumin nan da bai shiga aji ba yana gane dokin da ba shi da lafiya daga yadda ya tsaya, kai kuma littafinka zai gaya maka dalili, to kada ka raina shi, kada kuma ka haɗiye duk abin da ya ce ba tare da ka auna ba. Idan lokacin horon sanin makamar aiki ya zo, ka nemi kulob ɗin folo ko asibitin dabbobi na jami'a, ka bar ofis mai fanka. Aikin bincikenka na ajin ƙarshe ka yi shi a kan doki. Ka sayi littafin rubutu, duk dokin da ka taɓa ka rubuta shekarunsa da abincinsa da ciwonsa da abin da aka yi masa. Bayan shekara biyu littafin nan zai fi takardar neman aiki magana.

Sannan ka gwada kanka. Idan ka yi wata guda kana fita da asuba kana kwashe kashi, kana wanke gyambo, ƙuda na bin ka, ba wanda ya ɗora ka a sirdi ko sau ɗaya, kuma har yanzu kana ɗokin komawa, to aikin naka ne. Idan kuwa zuciyarka ta yi sanyi, ka gode wa Allah da ka gane da wuri: ka nemi wani aikin, ka tara kuɗi, ka sayi dokinka ka riƙa kilisa da yamma. Wannan ma ba abin kunya ba ne.

Ya tafi bargar. Makon jiya ya aiko mini da hoton hannunsa duk kanta, da na wani kili da ya koyi ɗaga wa ƙafa. Mahaifinsa bai sauko ba tukuna, amma an ce ya tambayi nawa ake biyan mai gyaran kofato a kan doki ɗaya.